Ki Kai Musu Sakamakonki, Ummi

Assalamu alaikum, Ummi.

Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a cikin jirgi kika ci karo da ita, ko sai da kika sauka Amurka kika kwance kaya. Allah ya tsare hanyarki, ya sauke ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba mu da kowa a cikinta sai shi. Mamanki na ba, na ce ta sa miki ita a tsakanin hijabanki, don na san in na miƙa miki da hannuna a gabana za ki buɗe, ni kuma ba zan iya zama ina kallonki kina karanta abin da na rubuta ba.

Kin san ubanki ba marubuci ba ne. Rubutun da hannuna ya saba da shi bai wuce lambar takalmi da sunan mai kaya a jikin kwali ba. Amma kasuwa ta yi sanyi bana a nan ƙasar Sin. Tun da aka tsananta biza saboda wasannin Olamfik, da yawa daga cikin mutanenmu sun koma gida, waɗanda suka rage kuma suna gaban talabijin suna yi wa masu iyo alƙalanci, alhali babu wanda ya taɓa tsallake ko kududdufi a cikinsu. Sai na ga ba ni da hujjar cewa ban sami lokaci ba. Yau kwana uku ke nan ina zama bayan la'asar ina rubutawa ina yagewa, Mamanki tana leƙowa tana tambayata ko takardar neman aiki nake rubutawa.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro. Shekara biyu kika yi kina ɗauke da darussa huɗu na matakin jami'a alhali kina sakandare: lissafi, Sinanci, bayoloji da kemistiri. Kika zauna jarrabawarsu, sakamako ya fito, biyar cikin biyar a lissafi da Sinanci, huɗu a bayoloji, uku a kemistiri. Jami'ar da za ki ta rubuta a littafinta cewa wanda ya zo da irin wannan sakamako za ta ɗauke masa waɗannan darussa, ta ƙirga su a matsayin ya riga ya yi, abin da suke kira kiredit. Sharaɗin kawai shi ne ki sa masu jarrabawar su aika musu da sakamakon, ke kuma ki je ofis da ƙafarki ki nema kafin a rufe rajistar darussa. In aka rufe kina zaune, to kin koma ajin da kika riga kika wuce.

Sai ga shi ranar Asabar muna cin abinci kika ce, "Abba, ni fa na fasa kai musu sakamakon nan. Zan fara daga farko kamar kowa."

Mamanki ta ajiye cokali ta ce, "Saboda me?"

Kika ce, "Daga zuwana, ina baƙuwa, ga hijabi, sai in shiga ofishin mutane in ce musu ni na riga na iya? Ai sai a ce na cika iyayi. Kuma in na maimaita ma hutu ne, zan ci maki ba wahala."

Dukanku kuka dube ni. Ni kuma na ce, "To, yadda kika gani," na ci gaba da cin tuwona. Ba haka ba ne a raina, Ummi. Maganarki tana damuna har yau, don na taɓa jin irinta daga bakin wani yaro shekaru da yawa da suka wuce, kuma yaron nan ni ne. Zan zo kan wannan. Bari in fara da laifin da na yi miki ke kanki, don shi ya fi kusa.

Lokacin da kika kawo mini takardar neman izinin shiga waɗannan darussa, ban so ba. Na ce yarinya tana sakandare me ya kai ta karatun jami'a, su bari ta isa mana. Gaskiyar kuwa ba tausayinki ne ya yi mini yawa ba. Na saba da ke ne a ranakun Asabar. Tun da bakinki ya kama Sinanci wajen 'ya'yan maƙwabta a nan unguwarmu Panyu ta birnin Guangzhou, na samu tafinta wadda ba ta haɗa baki da mai shago, na kuwa ji daɗina. Da Mamanki ta matsa na sa hannu, amma ban sauya hali ba. Kin tuna makarantarku ta sa muku aikin ɗakin gwaje-gwaje na kemistiri a safiyar Asabar? Sau huɗu ina ɗauke ki a wannan lokacin zuwa Shiling wajen masu jakunkuna, ina ce miki ai sau ɗaya ne. Ina kallonki ta madubi kina bayan mota, littafi a cinya, kina karatu har jiri ya kama ki muka tsaya a gefen hanya. Ba ki taɓa ce mini a'a ba. Da sakamako ya fito na ga ukun nan ta kemistiri a tsakanin 'yan'uwanta, na san rabinta tawa ce. Ki yafe mini.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, ke mai amfani ce, kuma mai amfani ba ya rasa masu nemansa. Can ma za a same ki. Wata za ta ce ki raka ta kasuwa, wani zai ce ki fassara masa takarda, 'yan ƙungiyar ɗalibai za su ga kin iya girki su ɗora miki tukunyar kowane taro. Ki taimaka, taimako halinki ne kuma ina son sa. Amma ki koyi cewa, "Ina da darasi, sai na fito." Ba rashin kunya ba ne. Ko ni na kira ki in ce ga wani mai shago ɗan ƙasar Sin a waya ki yi masa magana, in kina kan karatu ki ce, "Abba, sai anjima." Zan yi ɗan gunaguni, ki ƙyale ni, zai wuce.

Yanzu ga babbar maganar. Kin taso kina jin ina cewa kasuwa ce ta raba ni da jami'a. Ba ƙarya na yi ba, amma rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin ko Mamanki sai da muka yi shekara goma da aure ta ji shi.

A zamaninmu wanda ya gama sakandare hanya biyu gare shi. Ko ya shiga jami'a ya yi shekarar share fage sannan ya yi shekara uku ta digiri, ko ya yi karatun gaba da sakandare, in ya ci sai a ɗauke masa share fagen ya faɗa digiri kai tsaye. Ni ta biyun na bi, na kuma ci da kyau, tattalin arziki da labarin ƙasa da tarihi. Ranar da na je rajista, takardar sakamakona tana cikin ambulan a hammatata, sai na tarar da sunana a allo cikin jerin 'yan share fage. Kuskure ne kawai na mai buga tafireta, irin wanda ake gyarawa da biro kafin shayi ya huce.

Na shiga ofishin. Wanda na tarar a bayan tebur dattijo ne mai furfura a gemu. Da na faɗi sunana da na mahaifina sai ya ɗago ya ce, "Ɗan Malam Garba mai takalma na Ƙofar Wambai? Ai tare muka yi makarantar allo da shi. Yana lafiya?"

Na durƙusa na sake gaishe shi. Ya bi takardar gabansa da yatsa ya ce, "Ga sunanka nan, share fage. Je ka yi rajista, Allah ya yi maka albarka. Ka gaida Malam."

Ummi, ambulan ɗin yana hammatata, gumina har ya jiƙa gefensa. Abin da ya rage kawai in zaro takardar in ce, "Baba, kamar akwai kuskure." Na kasa. Yaya zan dubi abokin ubana, wanda yanzun nan ya gama sa mini albarka, in ce masa takardarsa ba daidai take ba? Ni wa? Na ce, "To, na gode, Baba," na fita ina sunkuyar da kai.

A waje na ce wa raina gobe zan dawo in sami wani ƙaramin ma'aikaci in yi masa bayani. Gobe ta zama jibi. Abokaina suka ce, "Kai ma dai, ai gata Allah ya yi maka. Shekara guda ta hutu, ka ci jarrabawa kana kwance." Maganar ta yi mini daɗi, don ta rufe mini tsorona da riga mai kyau. Ina nan ina jan ƙafa har aka rufe rajista. A gida ban gaya wa kowa ba. Malam bai san bambancin share fage da digiri ba, shi dai ɗansa yana jami'a, yana faɗa wa duk wanda ya zo gwada takalmi.

Hutun da aka yi mini alkawari kuwa na same shi, shi ne ma ya cuce ni. Duk abin da malami zai faɗa na riga na sani, sai na koma zama a bayan aji, daga nan na koma leƙowa, daga baya sai in wuni a rumfar Malam ina taya shi ciniki. Na ci jarrabawar shekarar ba tare da na buɗe littafi ba, na ɗauka ƙwaƙwalwa ce da ni. Da muka shiga digiri na gaske sai na tarar hannuna ya manta yadda ake riƙe littafi. Da ƙyar na tsallake shekarar farko. Wanda ya shigo jami'a yana gaban sa'o'insa ya koma yana aron littafin rubutunsu. Don haka in kika ce maimaitawa hutu ne, ni na san irin wannan hutun, na ɗanɗana shi.

Ina shiga shekarar ƙarshe, ko wata biyu ba a yi ba, Malam ya yanke jiki ya faɗi a rumfa. Kwana tara ya yi Allah ya karɓi abinsa. Ni ne babba, ga mahaifiyata Hajiya mai sunanki, ga ƙannena a bayana, ga rumfa ba mai buɗewa. Abokan da muka yi karatun gaba da sakandare tare, waɗanda suka miƙa takardarsu ranar rajista, sun riga sun gama a wannan damina, suna bautar ƙasa. Da na zaro takardar nan daga hammata, da rasuwar Malam ta same ni da digiri a hannu, da kuma ya ga ranar da idonsa. Na ce zan koma baɗi in ƙarasa. Baɗin ce har yanzu ba ta zo ba.

Kada ki ji kamar ina jayayya da ƙaddara. Allah ya rubuta abincina a takalmi da jaka, ya kuma yi mini sutura, da ita na kawo ku nan, da ita kika yi makarantar da kika yi. Na gode masa. Amma ƙaddara daban, sakaci daban, kuma na daɗe ina ɓoye na biyun a bayan na farkon. Dattijon nan bai zalunce ni ba. Na tabbata da na nuna masa takardar, da murna zai gyara, ƙila ma ya je har rumfa ya yi wa Malam barka. Ni ne na ɗauka ladabi shi ne yin shiru. Sai da na girma na gane ladabi yana cikin yadda ake faɗin magana ne, ba cikin haɗiye ta ba.

Saboda haka ki je, Ummi. Ki ƙwanƙwasa ƙofa, ki gaisa, ki zauna in an ba ki wuri, ki ce, "Ga abin da na zo da shi daga makarantarmu, ina so a duba mini." Shi ke nan. Ba ki ce kin fi kowa ba. Cewa kika yi kin yi wani aiki, ga shaidarsa. Iyayi shi ne mutum ya yi da'awar abin da ba shi da shi, ko ya riƙa kaɗa abin da yake da shi a fuskar wanda bai tambaye shi ba. Wannan ofishi kuwa don a tambaye shi aka buɗe shi, mai zama a ciki aikinsa ke nan. Batun hijabi kuma, na fahimci abin da kike ji, ni ma na san yadda ake kallon baƙo a cikin jirgin ƙasa. Amma kallo za a yi miki ko kin yi magana ko ba ki yi ba. Gara a kalle ki a ajin da ya dace da ke.

Ranar Litinin na je makarantarku ba ki sani ba. Ana hutu, amma na yi sa'a na tarar da malamar nan mai ba ku shawara kan jami'o'i tana kwashe takardu. Na yi mata Turancina na kasuwa, ta yi haƙuri da ni, ta rubuta mini matakan ɗaya bayan ɗaya. Takardar tana haɗe da wannan. Ta ce mini abu ɗaya da na riƙe: a can, in ɗalibi ya yi shiru ba sa ɗauka kunya ce, ɗauka suke yi ba shi da abin faɗa. Ta kuma ce in gaya miki tana gaishe ki, kuma in kika maimaita lissafin nan ba ta yafe ba.

Wataƙila ki je a ce miki a'a. Wannan ma ina da labari a kansa. Zuwana Guangzhou na farko, kafin in kawo ku, nakan shiga shagunan titin Zhanxi Lu da samfurin takalmi a leda. In nuna wa yarinyar shago, ko ɗago kai ba za ta yi ba sai ta ce, "Mei yo," wato babu. Ni kuma da zuciyar Bakano sai in juya, ina cewa a raina ai ba roƙo na zo ba. Haka zan wuni, shago talatin, mei yo talatin, in koma masauki ƙafa ta kumbura. Har na fara shirin komawa gida in ce wa mutane ƙasar Sin ba kaya. Alhaji Seidu mutumin Kumasi, wanda yake yi mini lodi har yau, shi ya ji labari ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Alhaji, kai ka cika zuciya. Mei yo na farko ba naka ba ne, na gajiya ne. Taso mu je."

Ya mai da ni shagon da aka kore ni da safe. Aka ce mei yo, ya ce ya ji, ya ja 'yar kujerar roba ya zauna, ya ce a kira laoban, wato mai shagon. Laoban ya zo, aka zuba shayi a 'yan kofunan nan da ba su fi murfin kwalba ba. Muka sha ɗaya, muka sha biyu. Kafin na uku sai ga takalmina an sauko da shi daga sito, har kala uku. Tun daga ranar ban sake juyawa a mei yo na farko ba.

Ke ma wanda za ki fara tararwa a teburin gaba ƙila ba shi ke yanke hukunci ba, ƙila ma ɗalibi ne kamarki da aka ajiye ya riƙa amsa waya. In ya ce ba a yi, kada ki yi fushi, kada kuma ki ce na gode ki fita. Ki tambaye shi wa ke da alhakin wannan, yaushe ake ganinsa. Ki buɗe musu shafin littafinsu da ya yi maganar, na naɗe miki kusurwarsa. Na sa Mamanki ta zuba miki littattafan aikinki na bayoloji da jerin abin da kuka karanta a kowane darasi, su ne suka sa jakarki ta yi nauyi har kike ƙorafi. In suka ce suna son ganin abin da kika yi, ki ɗora musu a tebur. Duk abin da aka yanke kuma ki roƙa a ba ki a rubuce, ki adana.

To amma kada labarin nan ya kai ki ɗaya gefen, don can ma na taɓa faɗawa. Bayan na yi shekara biyu a nan sai kaina ya fara girma. Wata Hajiya mai shago a Kano ta ce in kawo mata jakunkunan fata zalla. A Shiling mai masana'antar ya kawo samfuri, ya miƙo mini ashana ya ce in ƙona gefen in ga ko fata ce, haka masu saye suke yi. Na ture hannunsa na ce ni Bakano ne, a cikin majema na tashi, ido kawai ya ishe ni. Alhali rabona da majema tun ina bi ta wajen ina toshe hanci. Na zaɓi wadda ta fi sheƙi. Kaya suka isa Kano, zafi ya bugi jakunkunan, ba a yi wata uku ba suka fara saɓulewa kamar bawon dankali. Hajiyar ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi. Ta ce kawai, "Alhaji, ai da ka ce ba ka sani ba, da na haɗa ka da wanda ya sani." Har yau ban manta da maganar nan ba.

Wannan maganar kemistiri ce. Lissafi da Sinanci da bayoloji naki ne, ki karɓa ba tare da waiwaye ba. Kemistiri kuwa, ko da sun yarda za su ɗauke miki da ukun nan, ki tsaya ki tambayi kanki. Harhaɗa magunguna kike son karantawa, kuma an ce mini duk ginin a kan kemistiri yake zaune. Ki sami malamin darasin ki gaya masa gaskiya, ki ce akwai gwaje-gwajen da ba ki yi ba, ki nemi ya nuna miki irin jarrabawar da suke yi. In kika duba kika ga ƙafarki ba ta taka ƙasa sosai ba, ki maimaita shi, ba abin kunya ba ne. Wanda kika iya kada tsoro ya sa ki ce ba ki iya ba, wanda ba ki iya ba kada girman kai ya sa ki ce kin iya. Ni na yi duka biyun, kuma ban ga wanda ya fi wani sauƙi ba.

In aka ɗauke miki darussan, za ki sami sarari. Mamanki ta riga ta gama lissafinta, ta ce wai za ki gama da wuri ki dawo mata da wuri, har ta fara maganar wanda za ta gayyata walima. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta fi karkata can. Gidan nan zai yi mana faɗi, kuma ban san wa zai riƙa gyara mini Sinanci a gaban mutane ba. Amma sararin nan ba namu ba ne, ke kika saye shi da Asabar ɗinki da idonki. In kina so ki gama da wuri, ki gama. In kina so ki ɗauki darasin gaba, ki ɗauka. In ma zanen nan ne da kike cika mini bayan takardun samfuri da shi, aka ce suna koyarwa, ki shiga ki koya. Abu ɗaya na hana, kada ki bar shi fanko. Na gaya miki abin da zaman banza ya yi mini.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na yage takarda har sau biyar. Na yi ta tunanin inda kika samo wannan ra'ayi na cewa sakamakonki ba abin nunawa ba ne, sai na gane a wurina kika samo shi. Ranar da ya fito kika kawo mini da gudu har kina tuntuɓe da tabarma. Na karɓa, na duba, na ce, "To, madalla," na miƙa miki, na tambayi Mamanki ko akwai sauran miya. Na ga yadda fuskarki ta sauka. Ke 'yar fari ce, ga sunan mahaifiyata a kanki, mu kuma haka aka tarbiyyantar da mu, ba a yabon ɗan fari a gabansa, ba a ma cika sakar masa fuska ba. Malam bai taɓa ce mini na yi ƙoƙari ba, sai daga bakin masu sayen takalmi nake jin abin da yake faɗa a bayana. Na sha alwashin ba zan yi wa nawa haka ba, sai ga shi na yi.

To ga abin da ba ki sani ba. Washegari kina makaranta wajen sallama da ƙawayenki, na ɗauki takardar daga kan teburinki na kai aka yi mini kwafi. Tana aljihuna tare da kwafin fasfo tun ranar. Alhaji Seidu ya gani har sau uku, na ukun ya ce, "Alhaji, na haddace." Laoban ɗin Zhanxi ya sa tabarau ya duba biyar ɗin Sinancin, ya ɗaga mini babban yatsa, ya kira matarsa ita ma ta gani. Mutanenmu na masallacin Juma'a babu wanda ya tsira. Makon jiya ma 'yan sanda suka tsayar da mu a bakin tashar jirgin ƙasa suna duba takardu, na zaro na miƙa wa ɗayansu, ashe taki na ba shi. Ya juya ta yana kallona. Maimakon in karɓa in ba shi fasfo, sai na tsinci kaina ina nuna masa da yatsa ina cewa 'yata ce, 'yata ce. Duk wanda na sani a garin nan ya san abin da kika ci, Ummi. Ke kaɗai ce ban gaya wa ba.

Yanzu na gaya miki. Kin yi ƙoƙari, kin faranta mini rai fiye da yadda bakina zai iya faɗa, kuma ina alfahari da ke. Takardar da ubanki ya tare ɗan sanda da ita a bakin titi ba za ta gagare ki miƙawa a ofis ɗaya ba.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci ko ba daɗi, ki sa rigar sanyi tun kafin ki ji sanyin. Allah ya tsare ki gaba da baya, ya kare ki daga sharrin mutum da na zuciya, ya buɗe miki ƙirji, ya ba ki baki a inda ya kamata ki yi magana. Na ba shi ajiyarki, shi ajiyarsa ba ta ɓata. Ranar da kika fito daga ofishin nan ki kira ni, ko ina tsakiyar ciniki zan ɗauka. Wannan karon zan saurara har ki gama.

Wassalam.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Abba